Wane suna za mu ba "essential oil" da Hausa?

Masu sayar da turare da masu fassara, ku matso kusa. A tallace-tallacen intanet ana ta rubuta "muhimmin mai" a madadin essential oil, kuma wannan fassara ba ta zauna ba. Asalin kalmar essence ne, wato ainihin ƙamshin da ke cikin tsiro. Zancen muhimmanci bai shigo ba sam.

Mu gwada da man bishiyar spruce, tunda ana yawan tallarsa. Bishiyar ƙasashen sanyi ce, ganyenta siri-siri kamar allura, ba ta kaɗe shi ko ƙanƙara na zuba. Irin da aka fi tatsa shi ne wanda masana kimiyya ke kira Picea mariana, da ya cika dazukan Kanada, musamman lardin Kwebek. Ana loda ganye da ƙananan rassa a babbar tukunya, a tura tururi ta cikinsu. Tururin ya kwaso ƙamshin, a sanyaya shi ya koma ruwa, man ya taso sama a yaɗe shi. Sinadarin da ya fi yawa a ciki, bornyl acetate, shi ke ba shi ƙamshin nan mai sanyi da ke kusa da na kafur.

Wannan ya sa wasu suka ce a kira shi "man tururi". Sunan ya yi daɗin faɗa, amma ba zai ɗauke su duka ba, don na ɓawon lemo matse shi ake yi.

"Turare" kuma ya yi faɗi. Humra turare ce, na wuta turare ne, na fesawa ma haka.

Ni "man ƙamshin tsiro" na tsaya a kai. "Ƙamshi" ya raba shi da man gyaɗa, man kaɗanya da man habbatus sauda, waɗanda maiƙo ne: ɗiga na gyaɗa a takarda, tabon ya zauna, na spruce kuwa ya bi iska. "Tsiro" ya raba shi da man ƙamshin da ake haɗawa da sinadarai a masana'anta. Idan an ambaci bishiyar, sai "tsiro" ta fita: man ƙamshin kanumfari, man ƙamshin na'a-na'a.

Ita bishiyar ba ta fitowa a ƙasar Hausa, don haka mu ari sunan mu lanƙwasa shi: sufurus. "Bishiyar Kirsimeti" ba za ta yi ba, domin ana yin wannan ado da wasu danginta ma.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada "magani" ya shiga sunan. Masu amfani da shi a Turai da Amurka suna turara ɗaki da shi, suna cewa yana buɗe numfashi, yana kwantar da hankali, wasu na shaƙarsa lokacin zaman tunani da ibadarsu. Mutanen asali na Kanada sun daɗe suna shafa ƙaron bishiyar a rauni. Amma a wurinmu, da zarar kwalba ta ce magani, wani zai ɗiga wa yaro a baki. Wannan mai ba a shan sa, kuma ba a shafa shi tsurarsa sai an sirka da man kwakwa ko na zaitun.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kwalaben ke zuwa muku da sunan Faransanci huile essentielle a jiki, me masu shago ke kiransa a can? In akwai sunan da ya riga ya kama baki a kasuwa, ku faɗa mana mu auna shi da wannan.