Bayan baftisma, yaya za a taimaki mutum ya bar zafin rai?

Malamin Aji:
Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Tambayata a kan waɗanda suka gama ajin baftisma ce. Za ka ga mutum ya haddace ayoyi, yana cin Jibin Ubangiji, ba ya fashin sujada, amma a gida magana ɗaya ta isa ya ɗaga murya, ko ya yi mako guda yana gaba da matarsa. An ce masa ya yi addu'a, ya yi, hali yana nan. Wane tsari mai kula da shi zai bi?

Dattijo:
Malam, salama. Kada ku kama halin gaba ɗaya, ya yi faɗi. Ku zauna ku gano da wa yake faɗan, a wane lokaci, kuma a kan me. Sau da yawa za ku tarar lokacin dawowa daga aiki ne da gajiya, ko in an ta da maganar cefane da kuɗin makaranta.

Mako biyu na farko ya riƙa rubuta layi uku kowane dare: abin da aka faɗa masa, abin da ya mayar, da abin da ransa yake so a lokacin. A layi na uku ne aikin yake, domin Yakubu 4:1-2 ya nuna faɗa yana fitowa daga muradin da ke yaƙi a cikin mutum. Wani so yake a girmama shi, wani tsoro yake kada a gane aljihunsa ba kome. Wannan ne zai kai gaban Ubangiji da sunansa.

Daga nan ku karanta Afisawa 4:22-32. Duk abin da Bulus ya ce a tuɓe, ya faɗi abin da za a yafa a madadinsa: mai ƙarya ya faɗi gaskiya, mai sata ya yi aiki har ya ba mabukaci. Mai zafin rai kuma aya ta 26 ta ba shi iyaka, kada rana ta faɗi yana riƙe da fushi. Ya je ya ce, "Na ɗaga miki murya, na yi laifi, ki gafarta mini." Ban da "in na ɓata miki rai", ban da "amma ke ma". Ku riƙa haɗuwa rabin awa kowane mako har wata uku. Abu biyu ke kashe wannan zama: mai kula ya mai da shi wa'azi, ko maganar ta fita waje. Ranar da ya ji sirrinsa a bakin wani, ba zai ƙara faɗa muku gaskiya ba.

Maman Zumunta:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ɗana, ka lura da shiru. Wani zai daina ihu ya koma ƙin cin abinci da ƙin amsa gaisuwa, a ce ya canja. Fushin ne dai, ya koma ciki. Don haka a sami dattijuwa daga Zumuntar Mata ta riƙa jin ta bakin matar, kamar yadda Titus 2:3-5 ya ɗora wa manyan mata. Kai namiji kada ka zauna da ita ku kaɗai. In kuwa har hannu ya kai jikinta, maganar ta wuce zaman mutum biyu. A sanar da Fasto da dattawa a ranar, a duba lafiyarta, ta sami inda za ta zauna lafiya. Kada a ce mata ta yi haƙuri kawai a mai da ita ɗaki.

Mai Bishara:
Zan ƙara a kan karatu. Kada a ɗora masa sura uku ko huɗu a rana, zai bi da gudu bai riƙe kome ba. Wasiƙar Yakubu sura 5 ce, aya 108. Ya riƙa karanta ayoyi guda goma zuwa goma sha biyar daga cikinta kowace safiya, ya fitar da abu ɗaya da zai aikata kafin dare. Ya haddace Yakubu 1:19-20 da Karin Magana 15:1. Wanda bai iya karatu ba, a sa masa Littafi Mai Tsarki na sauti da Hausa a waya, ya ji wuri ɗaya sau uku.

Azumi kuma a bi a hankali. Ishaya 58:4 ya tsawata wa masu azumi suna faɗa da naushi. Rabin yini ya isa da farko, kuma lokacin cin abincin ya zama na addu'a.

Malamin Aji:
Na gode, Baba, Mama. To in ya sake faɗuwa bayan an yi wata biyu fa?

Dattijo:
Zai faɗi, ku faɗa masa tun farko don kada kunya ta sa ya guje ku. Ku duba tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya nemi gafara. In dā mako ne, yanzu kafin a kwanta, Ruhu Mai Tsarki yana aiki. Ku karanta 1 Yahaya 1:9 tare, ya koma ga layi ukun nan, ku ƙara wata ɗaya a kan wata ukun da kuke haɗuwa.