Neman shawara: auna nauyin da tambayoyin SNMP ke ɗora wa layi

Mai tambaya, Gusau: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sayar da taki mai rassa a Talata Mafara da Kaura Namoda. Tun da na kafa manhajar sa ido da ke tambayar na'urori 30 halin da suke ciki kowane minti ɗaya ta hanyar SNMP, wato ƙa'idar da ake bi wajen irin wannan tambaya, akantan Kaura ke ƙorafin layin sadarwa ya yi nauyi, maigida kuwa, wanda dama bai so sayen sabar da manhajar ke kai ba, ya ce in kawo hujja kafin ƙarshen wata ko in kashe ta. Don Allah yaya zan auna?

Injiniya, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, SNMP ta UDP yake bi, wato wata hanyar aika saƙo a layi, a tasha mai lamba 161. Ka kunna Wireshark ko tcpdump, manhajojin da ke kama bayanan da ke wucewa a layi, a sabar, ka tace wannan tashar kaɗai na minti 15, sannan ka raba jimillar bayit da yawan daƙiƙu. A ƙaddara kowace na'ura ana karɓar ƙima 300 daga gare ta, tambaya da amsarta bayit 200: megabayit 1.8 ke nan a minti, wato kilobit 240 a daƙiƙa. Ka mayar da tazarar tambayar minti 5, yadda manhajojin sa ido MRTG da Cacti suka saba, nauyin ya sauko kilobit 48, ka kuma yi amfani da GetBulk na SNMPv2c, mai karɓo ƙima da yawa a tambaya ɗaya, magana ta ƙare.

Malama, Argungu: Injiniya, ban yarda ta ƙare ba. A wurin aikinmu layin lafiya lau yake, ƙwaƙwalwar tsohuwar rauta, na'urar da ke rarraba bayanai a layi, ce ke cika duk lokacin da aka karanta teburin ARP ɗinta, wato jerin adireshin na'urori, gaba ɗaya, amma ni aka ɗora wa laifi a gaban ma'aikata, har yau ba wanda ya ba ni haƙuri. Malam, ka duba nauyin ƙwaƙwalwar rautar Kaura tukuna.

Mai tambaya: Na gode, amma da dalili na zaɓi minti ɗaya. Wuta kan ɗauke a rassan, kafin a tayar da janareta minti 3 ya wuce, kuma tazarar minti 5 ba lallai ta nuna mini hakan ba.

Injiniya: To ka bar ping, wato gwajin ko na'ura na amsawa, a minti ɗaya, sauran tambayoyin a minti 5. Sai dai ka koma ma'aunin ƙirga bayit na bit 64, domin na bit 32 yana cika ya koma sifili cikin ƙasa da minti 6 a layin megabit 100 da ya cika. Ga kuma saƙon gargaɗi da na'ura ke turowa da kanta ta tasha ta 162.

Mai tambaya: Ranka ya daɗe, na'urar da wuta ta ɗauke mata ba ta iya turo gargaɗi. Kuma raba lokutan zai sa in sake tsarin daga farko.

Malama: Har yanzu ba ka faɗa mana ƙarfin layin Kaura ba, Malam. Megabit nawa ne?