Shawarwarin masu kula da sabar manhajojin kamfanoni

Da masu kula da sabar manhajoji, wato tsarin da ke gudanar da manhajojin kamfani ga masu amfani da su, suka zauna musayar ra'ayi, abin da ya fi cin lokaci shi ne sauya sigar saba. Tun fitowar Jakarta EE 9, ƙa'idojin gina manhajojin kamfanoni da harshen Java, a 2020, sunayen fakitin lambobin manhaja suka koma daga javax zuwa jakarta, don haka manhajar da ke aiki lafiya lau a sabar Tomcat 9 ba za ta yi aiki a Tomcat 10 ba sai an gyara ta. Abin takaicin, sabar kan tashi ba ƙorafi, amma ka buɗe shafi sai saƙon 404, wato ba a sami shafin ba. Shawararsu ita ce a fara gwadawa a sabar gwaji mai kama da ta aiki sak, a kuma ajiye tsohon fayil ɗin WAR, wato ƙunshin manhajar da ake ɗorawa a saba, a kusa, ko da abu zai ɓaci.

Kan yawan haɗin da ake tanada da rumbun bayanai an ɗan yi sa-in-sa. Wasu suka ce a ƙara adadin in manhaja ta yi nauyi. Ni dai ina bayan masu cewa a fara farautar inda ake buɗe haɗi ba a rufewa, domin ƙari jinkirta matsalar kawai yake yi.

Batun tsaro kuwa babu wanda ya ja. Kada a bar ƙofar gudanarwa, mai lamba 9990 a sabar WildFly ko 7001 a sabar WebLogic, a buɗe ga intanet. A kuma riƙe jerin laburare, wato lambobin da wasu suka rubuta aka aro, da ke cikin kowace manhaja, domin lokacin da aka gano raunin tsaro a laburaren Log4j a Disamban 2021 masu wannan jerin ne suka san inda za su fara toshewa.