Masai a makarantar firamare: a ina, kuma guda nawa?

Shugaban makaranta: Jama'a, za mu haƙa masai, kuma muna da rijiya a harabar. Ina ya dace a yi shi?

Injiniyan ruwa: Malam, a nisanta shi da rijiyar aƙalla mita 30, ta gangare. Gindin ramin ya tsaya mita 2 sama da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Da damina ake aunawa, lokacin da ruwan ya taso.

Jami'ar lafiya: Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: ɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya da wurin fitsari ga maza 50. Na mata daban, da sakata.

Magini: In rairayi ne, a jera bulo a ramin, kar ya rufta. Bututun iska ya zarce rufi da santimita 50, da raga a bakinsa. Ragar na yagewa, ƙudaje sun dawo.