Wa ya taɓa canza wa ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska ƙyalle? Ku ba ni labari kafin in huda nawa

Baƙon Norwich:
Salamu alaikum jama'a. Bara na sayi wani ɗan jirgin iska na hannu, ƙafa 17, irin wanda ake ɗorawa a tirela a ja da mota har bakin ruwa. Ƙyallensa irin na Bamuda ne, mai kusurwa uku, ga dogon turke ga wayoyin ƙarfe da ke riƙe shi ta gaba da gefe biyu. Wlh kafin in tada turken nan in ɗaure komai na kusa cinye awa guda, ga ruwanmu na Broads a nan Ingila gadoji ne birjik, ta Potter Heigham kam sai ka kwantar da turke sannan ka wuce. Kuma da iska ta taso sai na bar sitiyari na rarrafa gaba don in rage ƙyalle, uwargida tana ta salati. Ina so in koma irin na 'yan Sin ɗin nan da ake ce ma jonk, mai sanduna a kwance. Akwai wanda ya gwada?

Injiniya Minnesota:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na yi, kuma abin da ba wanda ya gaya min shi ne ɗinkin ƙyallen shi ne mai sauƙi, turken ne aikin. Jonk ba ya son waya ko ɗaya, turken shi kaɗai yake tsaye, to dole ya ratsa rufin jirgin ya sauka har ƙasa ya zauna daram, kuma bakin ramin sai ka ƙara masa katako da gam mai ƙarfi domin duk ƙarfin iska nan yake tarewa. Tsohon turkenka ba zai yi ba, siriri ne, wayoyi ne ke ba shi ƙarfi. Ni sandar fitilar titi ta alminiyom na saya na yanke.

Sannan tunda babu ƙaramin ƙyallen gaba, turken sai ya matsa gaba, nawa tsakiyar gadon da yara ke kwanciya ya faɗo, har yau ba su yafe min ba. Amma ranar farko da iska ta taso ina zaune na sassauta igiya ɗaya kawai, sanduna biyu suka sauko suka kwanta kan juna, ƙyalle ya ragu ko tashi ban yi ba, kofin shayina na hannu. Ba sabon abu ba ne fa, wani Baturen Ingila, Blondie Hasler, da irinsa ya tsallaka tekun Atlantika shi kaɗai a gasar 1960 a jirginsa Jester, ya zo na biyu bayan Francis Chichester.

Maman 'yan biyu:
Injiniya ka faɗi daɗin ka ɓoye wahalar. Mu da maigida mun yi, shekara ɗaya muka cire. Namu shimfiɗaɗɗe muka ɗinka ba tumbi, in iska na bayanka ko gefe sai gudu, amma ka ce za ka fuskance ta sai jirgi ya yi ta jan ƙafa, kowa ya wuce mu yana ɗaga mana hannu. Ga igiyoyi kamar taliya, kowace sanda da tata, ranar da muka juya ɗaya ta fizge hular maigida ta jefa ruwa. Ƙarshe muka koma mai kusurwa huɗu da sanda ɗaya sama ɗaya ƙasa, lug suke ce masa, turken gajere ne har yana kwanciya cikin jirgin in za mu ja shi gida. Yaya in saurin haɗawa kake nema ka duba wannan tukun.

Injiniya Minnesota:
Gaskiyarki Hajiya, shi ya sa yanzu ake ɗinka kowane falle da ɗan tumbi, yana gyara fuskantar iska sosai, ni ma sai a ɗinki na biyu na gane.

Na Yawuri:
Ku kuna maganar nishaɗi mu tsadar mai ce ta koya mana. Da aka cire tallafi a 2023 na ɗaura tamfol a gora na kafa a kwalekwalena a Kainji, lokacin hunturu iska na zuwa daga arewa maso gabas tana tura ni lafiya lau ba ko digon fetur. Dawowa ce matsala, jirgin ba shi da komai a ƙasa da zai riƙe ruwa sai ya dinga zamewa gefe kamar kaguwa, sai da na saƙala faffaɗan katako a gefe ya nutse cikin ruwa. Kuma na fara kafa gorar can baya, jirgi ya dinga juya kai yana fuskantar iska ni ina ta kokawa da shi, na matsar gaba da yawa kuma ya koma gudun iska, wannan ya fi haɗari. Sau uku ina canza wuri. Malam kar ka huda komai sai ka gwada da abin banza. Farkon damina kuwa ko kusa ba na ɗagawa, hadari ba ya sallama.

Ɗan Bur Sudan:
Mu nan Bahar Maliya namu ƙyallen shira'i muke ce masa, dogon itace guda a karkace kan gajeren turke. Yana jan iska da kyau amma duk juyi sai an kewaya da itacen, na yi aiki a jirgin kawuna ban taɓa ganin mutum ɗaya ya yi shi cikin daɗi ba. Kai da uwargida kaɗai ban ba ka shawara ba.

Baƙon Norwich:
Na gode ƙwarai. Baba na Yawuri maganarka ta shige ni, na zana tsohon ƙyallen a takarda na sa alama a tsakiyarsa don sabon ya faɗa daidai wurin, kuma na sayo tamfol mai arha zan fara da shi. Injiniya saura abu ɗaya, turken da ya ratsa rufi har ƙasa ya kake kwantar da shi a bakin gada, ko naka maƙalin da ke lanƙwashewa ka yi masa? Turo min hoto don Allah.