Danshi ya yi yawa a akwatin tabar maigida, don Allah a taimaka

Ɗan Gesse: Assalamu alaikum. Wallahi ina cikin damuwa. Ni ke kula da falon wani Alhaji nan Birnin Kebbi. Kawuna ne ya kai ni wajensa tun ina gama sakandare, mutumin bai taɓa ɗaga mini murya ba, ko rashin lafiyar mahaifiyata bara shi ya tsaya. Yana da wani akwatin katako mai ƙamshi da yake ajiye tabar Kuba, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da zallar ganye. Da zai yi tafiya ya ce mini allurar ma'aunin danshi da ke jikin murfin kada ta wuce 70. Yau na buɗe na tarar da ita kan 79. Tabar ta yi laushi, guda biyu na gefe sun fito da fari-fari. Mako mai zuwa zai dawo. Yaya zan yi?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Soson da ke manne cikin murfin, kana zuba masa ruwa?

Ɗan Gesse: Duk Juma'a, yaya. Haka ya koya mini.

Baban Hanifa: Da hunturu ya koya maka, na tabbata. Lokacin iska a bushe take, har leɓe na tsagewa, dole a ba akwatin ruwa. Yanzu Agusta ne, ga fadama kewaye da gari, iskar kanta a jiƙe take, kai kuma kana ƙara mata. Cire soson nan yanzu. Tabar nan tsakanin 65 da 72 take so. Ta wuce haka sai ta kumbura ta ƙi cin wuta, hunhuna ta biyo baya. In zafin ɗaki ya haɗu da danshin, ƙwaron taba na ƙyanƙyashewa ya huda ganyen.

Maman Sadik: Ɗana, fitar da su ka shanya a tabarma, hantsi guda ya isa. Ni daminar bana ba abin da ta bar mini. Atamfofina na cikin durowa duk sun yi wari, garin masara ya dunƙule, mai gidan hayar na roƙe shi ya gyara kwano har na gaji.

Baban Hanifa: A'a Hajiya, wannan ba atamfa ba ce. Rana za ta busar da ganyen waje alhali cikin yana jiƙe, sai ya tsattsage. A hankali ake sauko da danshin, cikin kwanaki. Ka kunna na'urar sanyaya ɗaki, ita ke tsotse danshin iska, ka ɗan ɗaga murfin awa biyu ko uku, ka rufe, gobe ka duba. In ba na'ura, buɗe murfi a damina ɓata lokaci ne.

Ɗan Gesse: Ba na kunna janareta in Alhaji ba ya nan, kada a ce ina ƙona mai don jin daɗina. Kuma ni abin da anka ce in yi shi na yi.

Malam Na-Jega: Ka ji tsoron Allah, yaro. Taba cuta ce, malamai da likitoci duk sun yi magana. Ka bar ta ta lalace.

Ɗan Gesse: Malam, ni ba na sha. Amana ce aka ba ni.

Sarkin Yawo: Farin nan fa ba lallai hunhuna ba ne, wasu mashaya cewa suke alamar taba ta nuna ce. Goge da ƙyalle kawai ka saka akwatin a firji. Mu unguwarmu ma ina firjin, wuta sai ta ga dama.

Baban Hanifa: A danshi 79 kake cewa ta nuna? Hunhuna ce. Ware biyun nan daga sauran. In saman ganye kawai take, a goge. In ta shiga ta bakin da ake kunnawa, ta tashi aiki. Firji kuma zai busar da ita, ta kwashi warin miya. Sannan allurar ma na iya yin ƙarya. Cika marfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa ya yi damshi ba tare da ya narke ba, saka shi da ma'aunin a leda ka ɗaure, su kwana. Ya kamata ta nuna 75 daidai. Mafita ta dindindin ƴan fakitin Boveda ne masu lamba 65 ko 69, suna ba da danshi suna kuma tsotsewa. Kuma ka kira Alhaji ka faɗa masa.

Ɗan Gesse: Ba zan iya kiransa kan wannan ba, asibiti ya je. Na cire soson, na zuba ɗanyar shinkafa a kofi na saka ciki, wani abokina ya ce tana shan ruwa. Allurar ta sauko 77.

Baban Hanifa: Cire soson ne ya sauko da ita, ba shinkafa ba. Ka yi gwajin gishirin?

Maman Sadik: Ni dai da ka shanya tun safe da yanzu an wuce wurin.

Ɗan Gesse: Ban yi ba tukuna, ma'aunin a manne yake, ina tsoron in ɓalla shi. Fakitin nan ana samunsa a Kebbi, ko sai Sakkwato?