Shekara biyar ta kusa cika a Ingila, ga Hajiya kwance a Jos: yaushe zan nemi zaman dindindin?

Ɗan Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibitin gwamnati a arewacin Ingila, da bizar ma'aikatan lafiya nake zaune. Saura 'yan watanni in cika shekara biyar, in nemi takardar zaman dindindin, wadda muke ce wa ILR. Yanzu haka ina gida Jos. Hajiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, an sallamo ta daga JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, amma sai an kwantar an tayar. Ƙannena mata na ƙoƙari, sai dai juya ta a kan kari don kada gyambon kwanciya ya kama ta, da ba ta kunu a cokali ba tare da ta ƙware ba, ni ne na san hannunsa. Hutuna na shekara ya ƙare, shugabar sashenmu ta ce in ina so in ƙara hutu ba albashi. Maiɗakina kuma sai da na shekara guda a can sannan ta biyo ni da yara. To in zauna ko in koma? In na koma, in cike da zarar lokaci ya yi, ko in jira ta mu nema tare?

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne. Ƙa'idar ita ce kada kwanakin da ka yi a wajen ƙasar su haura 180 a cikin kowane wata 12. Ka lura da “kowane”: ba daga Janairu zuwa Disamba ake lissafi ba, duk inda aka ɗora ma'aunin cikin shekara biyar ɗin dole ya zauna. Ɗauko fasfo da tsoffin tikiti ka rubuta ranar fita da ta shiga ɗaya bayan ɗaya, don fom ɗin zai tambaye ka. Ko ka zarce ma, dokar ta yi rangwame ga larura mai tsanani irin ciwon makusanci mai barazana ga rayuwarsa, amma da shaida. Tun kana Jos ka karɓi rahoton likita mai sa hannu da hatimi, da abin da ke nuna mahaifiyarka ce. In ka bari sai ka koma, za ka yi ta kiran ƙani a waya yana zarya.

Malam Na Wuse:
Maman Hanif ta yi bayani, amma a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Ma'aikacin asibiti nawa ne ke samun kwana 180 a waje? Abin tsoron shi ne hutun nan mara albashi. Asibitin da ya ɗauki nauyin bizarka, in ka yi fiye da mako huɗu a shekara ba aiki ba albashi, doka ta ɗora masa ya kai rahoto ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, kuma yana iya zama sanadin janye ɗaukar nauyin, sai in hutun na cikin waɗanda aka keɓe, irin na haihuwa ko rashin lafiyarka kai kanka. Shugabar sashe jadawalin aiki ta sani, ba lallai ta san wannan ba. Ka rubuta wa ofishin kula da ma'aikata, su ba ka amsa a rubuce kafin ka ƙara ko kwana ɗaya. Su ɗin ne dai za su rubuta maka wasiƙar cewa har yanzu ana buƙatarka, kuma albashinka ya kai yadda ake so. Ba wasiƙar, ba ILR.

Ni da zan ba ka shawara, ka samo ma'aikaciyar jinya a nan Jos ka biya ta, ka koya wa ƙannenka abin da ya samu, ka koma bakin aiki. Da kuɗin can ake sayen maganin nan.

Ɗan Unguwar Rogo:
Malam, wallahi ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Yau zan rubuta musu. Sai batun maiɗakina. Kuma akwai bikin autarmu da aka sa daidai watan da zan cika.

Injiniya Gangare:
Yaya, kada ka jira kowa. Ana karɓar takarda tun saura kwana 28 ka cika shekara biyar. Ka shigar a ranar farko da ta halatta, amma kada ka riga ta, don za su iya ƙi kuma kuɗin ya tafi. A watan Mayun 2025 gwamnatin Keir Starmer ta fitar da ƙudurin mayar da wa'adin shekara goma ga yawancin ma'aikata, kuma galibi da dokar ranar da ka nema ake yi maka hukunci. Don haka ka riƙa leƙa shafin gwamnatinsu da kanka, ka bar jita-jitar WhatsApp. Uwargida nata lissafin daban: sai ta cika nata shekara biyar, kafin nan ta sabunta bizarta a ƙarƙashinka. Ta wani gefen ma sauƙi ne, don kuɗin a 2025 ya haura fam 3,000 kan mutum ɗaya, yaro da babba duk ɗaya.

Jarrabawar Life in the UK, ta sanin rayuwar Birtaniya wadda sai an ci ta ake neman ILR, ka fara karatunta tun yanzu, in Hajiya ta yi barci. Tambaya 24 ce cikin minti 45, sai ka ci 18, kuma sakamakon ba ya lalacewa. Akwai tambayoyi kan sarakunan da da shekarun yaƙe-yaƙe, kada ka raina ta.

Biki kuwa, a nan ake faɗuwa. Daga cikin ƙasar ake nema, kuma in ka shigar da takarda ka hau jirgin Abuja kafin amsa ta fito, sun ɗauka ka janye. Amsar kan kai wata shida. Akwai ta gaggawa, fam 500 a kwanakin aiki biyar, fam 1,000 washegari, in ka samu gurbi. Ko ka biya wannan, ko ka roƙi su Baffa su ɗaga ɗaurin auren zuwa bayan Sallah.